Daga Birnin Kebbi Zuwa Obi: Korar Sarakuna a Gaban Shari'a

Ranar Juma'a, 3 ga Yuni 2005, gwamnatin Jihar Kebbi a ƙarƙashin Gwamna Adamu Aliero ta ba da sanarwar tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Alhaji Mustapha Haruna Jokolo, bayan shekara goma a kan karaga. Aka ce yana sakin baki da kalaman da za su iya tayar da zaune tsaye, ba ya ga-maciji da 'yan uwansa sarakuna, kuma ya bar fadarsa ya tare a Kaduna. Nan da nan aka naɗa Manjo Janar Muhammadu Iliyasu Bashar mai ritaya a gurbinsa. Shi kuwa sarkin da aka sauke, jami'an tsaro suka fitar da shi daga jihar baki ɗaya, suka ratsa ƙasa da shi har garin Lafia, daga baya aka ƙara gaba da shi zuwa Obi, inda aka yi masa ɗaurin talala.

Mutanen Lafia ba su da hannu a rikicin Gwandu. Garinsu, wanda Barebari suka kafa a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, an fi saninsa da doya da riɗi da agushi, da manyan motocin da ke ratsa shi tsakanin Akwanga da Makurdi. A lokacin bai fi shekara tara da zama babban birnin jiha ba, tun da Janar Abacha ya yanke Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996. Abin da ya sa aka zaɓe shi a fili yake: yana da nisa da Birnin Kebbi, kuma babu talakawan Gwandu da za su cika ƙofar gida da gaisuwa. Da wannan zaɓin sunan Lafia ya shiga kundin shari'ar Najeriya, a cikin hukuncin da duk lauyan da ke kare sarkin da aka kora yake fara buɗewa.

Al'adar ta girmi Najeriya mai 'yanci. Turawa ne suka mayar da ita tsarin mulki, kuma Lakwaja ce ma'ajiyarsu. Can aka kai Sarkin Kano Alu bayan an kama shi a 1903, ya fara zama a Yola, ya ƙare a Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Can aka kai Kwasau na Zazzau, can aka kai Aliyu Ɗan Sidi. Wanda ya je unguwar Kabawa a yau zai tarar da kaburburansu, nesa da kaburburan iyayensu da tafiyar kwanaki. Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, da ya bar gadon sarauta a 1931, Wukari aka nufa da shi. A duk waɗannan, rahoton Razdan ne tuhuma, shi ne shaida, sa hannun Gwamna kuma shi ne hukunci. A 1917 aka yi wa abin doka ta musamman, wadda ta ba Gwamna ikon fitar da duk basaraken da aka tuɓe daga ƙasarsa.

Wanda ya fara jan wannan doka zuwa gaban alƙali ba ɗan Arewa ba ne. Eshugbayi Eleko, sarkin Legas, an kore shi zuwa Oyo a watan Agusta 1925. Magoya bayansa, ciki har da Herbert Macaulay, suka bi ƙarar har Landan, gaban majalisar alƙalan da ke sauraron ƙararrakin ƙasashen da Ingila ke mulka. A 1931 Lord Atkin ya karanta hukuncin da har yanzu ake koyar da ɗaliban lauya: babu wani jami'in gwamnati, komai girmansa, da zai taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa sai idan zai iya tsayawa gaban kotu ya nuna dokar da ta ba shi izini, kuma kotu ce za ta duba ko sharuɗɗan dokar sun cika. A wannan shekarar Gwamna Donald Cameron ya bar Eleko ya koma Legas.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da yake Turawa sun zo da nasu lafazin. Duk almajirin da ya yi nisa a fiƙihu ya san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai aika Sayyidina Aliyu alƙalanci Yaman, ya hore shi kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. Ya san wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, wadda ta umarci alƙali ya daidaita masu ƙara a wurin zama da kallo, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada mai rauni ya yanke ƙauna. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daga gare shi sarautar Gwandu ta faro, ya rubuta wa mutanen Kano littafin Diya'ul Hukkam a kan ladubban mulki da shari'a. Abu biyu ne ke cikin wannan gado, kuma su ne dai lauyoyin zamani ke kai kawo a kansu: a ji ta bakin mutum kafin a hukunta shi, kuma a auna kowa da mudu ɗaya.

Yadda waɗannan haƙƙoƙi suka shiga kundin tsarin mulkin Najeriya yana da alaƙa ta kai tsaye da ƙasar da ake kira Nasarawa a yau. Gab da samun 'yancin kai, ƙananan ƙabilun tsakiyar Najeriya, irin su Tibi da Eggon da Birom, sun ji tsoron abin da zai same su a hannun masu rinjaye idan Bature ya tafi. Jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ta nemi a ba su jiharsu. A 1957 aka kafa hukumar Sir Henry Willink ta zagaya ta saurari koke-koke, ta miƙa rahoto a 1958. Ba ta yarda a ƙirƙiri sababbin jihohi ba, amma ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kwaikwayo su daga yarjejeniyar Turai ta 1950, suka fara aiki a 1959, suka shiga kundin 1960. A can Kano da Katsina kuma 'yan NEPU suna ta kukan kotunan sarakuna da na alƙalan En'e, inda lauya ba ya shiga, inda ɗan doka zai kamo mutum da safe a ɗaure shi kafin azahar. Wato dai garkuwar da sarakuna suka riƙa ɗauka daga baya, talakawa da 'yan tsiraru ne suka yi fafutukar ƙera ta, kuma a lokacin sarautar ce abin da suke tsoro. Wannan bai rage wa sarakuna haƙƙinsu ko ƙwayar zarra ba. Abin da ya nuna shi ne haƙƙin ba ya tambayar wanda ya nema tun farko.

Rubutu a takarda bai hana komai nan take ba. A 1963, bayan binciken da Baturen gwamnati D.J.M. Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus, gwamnatin Sardauna ta kai shi Azare, ya shafe kusan shekara ashirin a can kafin a bar shi ya dawo Wudil, inda ya rasu a 1991. Da soja suka zo sai abin ya ƙara sauƙi ga masu iko. Gwamnan Gongola Yohanna Madaki ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a 1986. Ranar 20 ga Afrilu 1996 aka sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, aka sa shi a jirgi zuwa Yola, ya ƙare a Zing ta Jihar Taraba.

Ƙarar Sarkin Muri ta bar wani darasi da ya shafi duk wanda ya biyo baya. Ya garzaya Babbar Kotun Tarayya yana cewa an tauye masa haƙƙin a saurare shi. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce gundarin ƙararsa rikicin sarauta ne, kuma rikicin sarauta hurumin babbar kotun jiha ne. Tun daga nan lauyoyi suka gane cewa sarkin da aka tuɓe aka kuma kora yana da ƙara biyu a hannunsa: ta rawani daban, ta 'yancin jikinsa daban. Haka shari'ar Jokolo ta rabu gida biyu, kuma kowane reshe ya yi nasa ƙarshen.

Reshen 'yanci shi ne ya ambaci Lafia. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Jihar Kebbi ya ɗaukaka, ta ce ɗauke Jokolo daga Kebbi zuwa Lafia, sannan zuwa Obi, ya saɓa wa tsarin mulki kuma haramtacce ne, domin gwamna ba shi da ikon yin wani abu a wajen iyakar da kundin 1999 ya shata masa. Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Sashe na 35 ya lissafa dalilan da za a iya tsare mutum a kansu, kamar hukuncin kotu ko zargin aikata laifi, kuma sauka daga sarauta ba ya cikinsu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar yawo da zama a duk inda ya so a Najeriya. Sashe na 1 kuma ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ta faɗi. Ko da gwamna yana da ikon karɓe sandar sarauta, mutumin da ya miƙa sandar ya koma ɗan ƙasa kamar kowa, kuma ɗan ƙasa ba a ɗaukarsa a ajiye a garin da bai zaɓa ba don kawai ganinsa yana damun gwamnati.

Yana da kyau a tuna ko wane ne Jokolo kafin rawani. Manjo ne na soja, dogarin Janar Muhammadu Buhari a 1984 da 1985, a gwamnatin da ta kafa Dokar Soja ta 2, wadda ta halatta tsare mutum ba tare da gurfanar da shi ba. Akwai waɗanda a 2005 suka ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Kotu ba ta bi wannan hanya ba, kuma daidai ta yi. Da za a riƙa duba tarihin mai ƙara kafin a ba shi kariyar doka, da kariyar ta zama kyautar da mai mulki ke raba wa wanda ya ga dama.

Masu goyon bayan kora suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Tsohon sarki yana da bayi da barori da 'yan uwa da masoya, zamansa a gari zai raba kan jama'a, sabon sarki ba zai samu natsuwa ba, wata rana a wayi gari da jini. Wanda ya ga Kano tun daga watan Mayu 2024, sarki ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a fadar Nassarawa ta cikin Kano, 'yan sanda na hana hawan salla, ba zai ce tsoron ƙirƙira ne ba. Sai dai tsarin mulki bai toshe ƙofar kiyaye zaman lafiya ba. Idan tsohon sarki ya tunzura jama'a, akwai dokar laifuka, akwai kotu, a kai shi a kawo shaida, shi ma ya kawo tasa. Abin da aka hana shi ne a hukunta shi tun kafin ya yi, bisa zaton abin da zai iya yi. Kuma galibin rigimar da ake gudu, daga yadda aka yi tuɓewar take tasowa: sarkin da aka sauke da rana tsaka ba tare da bincike ba, masoyansa ba za su taɓa yarda an yi gaskiya ba.

Shekara bakwai bayan hukuncin 2013, aka sake kawo wa Jihar Nasarawa baƙo irin wannan. Ranar Litinin, 9 ga Maris 2020, Sakataren Gwamnatin Kano Usman Alhaji ya sanar da cewa majalisar zartarwar Gwamna Abdullahi Ganduje ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi na biyu bisa rashin biyayya. A daren aka kai shi Abuja, aka yi doguwar tafiyar mota da shi zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Washegari aka mayar da shi Awe, garin gishiri, wanda hanyarsa daga Lafia ta Obi take bi. Jami'an tsaro suka kewaye gidan. Babban Lauyan Kano, Ibrahim Mukhtar, ya fito a talabijin ya ce gwamnatinsu sauke sarki kawai ta yi, ba ta ba da umarnin kora ba. Wannan musun kansa shaida ne cewa zamani ya juya: abin da Razdan ke sa wa hannu da alfahari ya zama abin da ba wanda ke son a ce shi ya yi.

Sanusi bai ƙalubalanci tuɓewar ba, 'yancinsa kawai ya nema. Lauyoyinsa, ƙarƙashin Lateef Fagbemi, suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, kuma ranar Juma'a 13 ga Maris Mai Shari'a Anwuli Chikere ta ba da umarnin a sake shi. A ranar Gwamnan Kaduna Nasir El-Rufai ya isa Awe. Mutanen garin suka cika masallaci, sarkin da aka sauke ya hau mumbari ya yi huɗuba ya ja su sallar Juma'a, da yamma ya shiga mota ɗaya da baƙonsa suka nufi Abuja, daga can ya wuce Legas. Kwana huɗu ke nan da fitar da shi daga Kano. Kakansa, Sanusi na ɗaya, ya yi kusan shekara ashirin a Azare.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 Mai Shari'a Chikere ta kammala shari'ar. Ta ce korar haramtacciya ce, ta umarci a biya shi diyyar naira miliyan 10, a kuma nemi afuwarsa a manyan jaridu biyu. Neman afuwar ba ƙari ne daga alƙali ba, sashe na 35 ne da kansa ya ce duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Da reshe ya juye a 2024, aka mayar da Sanusi aka sauke Aminu Ado Bayero da ya gaje shi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin a kama Aminu bayan ya dawo Kano, sai shi ma ya nufi Babbar Kotun Tarayya da waɗannan sassa dai, aka kuma yanke masa diyyar naira miliyan 10 a watan Yuni. Magoya bayan kowane ɓangare sun yi murna da hukunci ɗaya sun yi tir da ɗayan, alhali ƙa'idar guda ce.

Reshen rawani na shari'ar Gwandu bai yi irin wannan gudu ba. Sai a watan Disamba 2014 Babbar Kotun Jihar Kebbi ta ce a mayar da Jokolo, domin dokar naɗi da tuɓe sarakuna ta jihar ta wajabta bincike da tuntuɓar majalisar sarakuna kafin a sauke sarki, kuma ba a yi ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ta tabbatar da haka a watan Afrilu 2016. Ƙarar ta kwanta a Kotun Ƙoli shekara tara. Ranar 4 ga Yuni 2025, shekara ashirin da kwana ɗaya bayan tuɓewar, alƙalai uku cikin biyar, da Mai Shari'a Emmanuel Agim a gaba, suka rushe hukunce-hukuncen biyu. Dalilinsu shi ne dokar jihar ta bukaci mai ƙorafi ya fara kai kukansa ga gwamna kafin ya je kotu, Jokolo bai yi ba, don haka babbar kotun ba ta da hurumin sauraronsa tun farko. Alƙalai biyu suka ƙi yarda.

Hukuncin Kotun Ƙoli shi ne ƙarshe, kuma gaskiya ne cewa bin matakai wani ɓangare ne na adalci, ba a tsallake su don ana tausayin mai ƙara. Amma akwai abin da ke damun zuciya a nan. Mutumin da gwamna ya sauke ya kuma sa aka tsare a wata jiha, an ce masa kuskurensa shi ne bai fara kai ƙara wurin wannan gwamnan ba. Sashe na 36 ya yi alkawarin sauraro cikin lokacin da ya dace, a gaban wanda ba shi da ɓangare. Shekara ashirin ba lokacin da ya dace ba ne, kuma tambayar asali, ko an saurari Sarkin Gwandu kafin a tuɓe shi, kotuna biyu sun amsa da a'a, ta ukun ba ta kai ga amsa ta ba. Gyaran yana hannun majalisun jihohi, waɗanda har yau yawancinsu ke riƙe da dokokin sarauta da suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa.

A Lafia kanta, tun watan Maris 2019 wanda ke kan karagar Dunama tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya bar kujerar Abuja ya gaji Isa Mustapha Agwai. Ba kowane gari ne ke da sarkin da ya san sashe na 35 da na 36 kamar tafin hannunsa ba. Waɗanda suka fi bukatar sassan kuwa ba masu rawani ba ne. A gidajen gyaran hali na Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Kundin ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ɗan acaɓa ko manomin doya da aka kwashe a samame yakan ji labarin wannan ne bayan ya yi watanni, uwarsa na zaryar kai abinci a kwano tana neman wanda zai tsaya masa beli, ana ce mata fayil na wurin lauyan gwamnati ana jiran shawara.

Hanyar da lauyoyin Sanusi suka bi a buɗe take ga wannan uwa. Sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru, kuma Lafia tana da ta jiha da ta tarayya. Ƙa'idojin neman haƙƙi na 2009 sun yarda ɗan uwa ko lauya ko ƙungiya su shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, sun kuma cire wa'adin da a da ke kashe irin wannan ƙara idan an makara. Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali tana nan tun 1976, ko da yake lauyoyinta ba su kai yawan masu bukata ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta iyakance umarnin ajiye mutum a kwana 14 a karon farko, sai an dawo gaban kotu an nuna dalili kafin a ƙara, ta kuma ɗora wa manyan majistare nauyin zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata su duba waɗanda ke tsare, su ba da beli inda ya dace.